Firizar da na mayar famfon zobo: abin da na gani bayan azumi biyu

A gidanmu a Jidda, idan azumi ya kama, da wuya a rasa mutum ashirin a wurin shan ruwa: 'yan uwa, maƙwabta, da baƙin Umara da kan sauka wajenmu kafin su wuce Makka. Shekara da shekaru a leda muke ƙulla zobo da ruwan tsamiya mu jefa firiza. In an saka da wuri ya daskare, ana kiran Magariba ana fama da ƙanƙara. In an makara a sha da ɗumi. Abin ya daɗe yana damuna, domin mai azumi a zafin Hijaz ba abin da yake jira kamar wannan kofin na farko.

Dabarar da na bi ba tawa ba ce. Masu haɗa giya a gida a Amurka ne suka shahara da ita: su ɗauki firiza mai murfi a sama, su mayar da ita wurin ajiye tankuna da famfo a jiki. Ni ba ruwana da abin da suke zubawa. Tankunan ma da suke amfani da su, waɗanda ake kira Cornelius, masu cin lita 19, tun asali na kamfanonin lemo ne irin su Pepsi da Coca-Cola, saboda haka zobo bai shiga inda ba nasa ba.

Jigon aikin duka ɗan akwatin da ke kula da sanyi ne. Na sayi Inkbird ITC-308. Firiza idan aka bar ta da halinta takan sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifili. Shi wannan akwati ana jona shi da soket ɗin bango, a jona firizar a jikinsa, a zura wayar da ke auna sanyi a ciki. Na saita shi a digiri 3. Da sanyi ya kai nan sai ya yanke wa firizar wuta, in ya ragu ya maido. Yana da wurin saita jinkiri don kada kwampreso, wato injin firizar, ya riƙa tashi yana mutuwa a jere, na ba shi minti 10. Azumi biyu ke nan bai taɓa ba ni matsala ba. Abin da na koya a makon farko shi ne kada a bar wayar tana lilo a iska, don duk buɗe murfi sai ta ruɗe. Na manna ta a jikin tanki na rufe da ɗan soso, lamba ta tsaya cik.

Kada kowa ya huda jikin firiza don saka famfo. Bututun gas ɗin sanyi a cikin bangonta suke, in ƙusa ta taɓa ɗaya firizar ta tashi aiki. Kafinta ya yi mini firam na katako, muka kwance murfin, muka ɗora firam ɗin a bakin firizar da silikon, muka maida murfin a kansa. A katakon aka huda famfo biyu. Na nemi na bakin ƙarfe mara tsatsa, domin zobo da tsamiya suna da tsami, suna cin famfon tagulla da aka yi wa fenti mai ƙyalli.

Ranar farko da muka gwada, yara suka yi layi da kofuna, babu mai yaga leda da haƙori, babu jiƙa darduma. Zobon da muke saya, wanda 'yan kasuwa a nan ke kira karkade, idan aka tace shi sosai yana fita ja wur, sanyi daidai maƙogwaro. Wannan kaɗai ya biya ni wahalata.

Sai dai akwai abubuwan da ba wanda ya gaya mini. Na farko raɓa. Jidda gari ne na bakin teku, iskarta cike take da danshi, kuma firizar da ba ta daskarewa ba ta da yadda za ta yi da ruwan da ke taruwa a cikinta. Cikin kwana goma ƙasanta ya kwanta da ruwa, kusurwa ɗaya ta fara tsatsa, katakon ya soma baƙi. Sai da na sake shafe firam ɗin da fenti mai hana ruwa, na lulluɓe cikinsa da soso, na saka ƙaramar fankar kwamfuta tana juya iska. Fankar ta kuma gyara wani abu: da can tiyon da ke sama kusa da murfi yakan ɗumama, kofin farko ya fito da kumfa. Har yau duk bayan kwana biyu sai na sa tawul na share.

Na biyu, ba kowane abin sha ne ke shiga ba. Na so in zuba kunun aya, uwargida ta ce, "Maigida, kunun aya ba ya son a rufe shi ya kwana, kuma garinsa zai kwanta." Haka aka yi. Garin ya toshe siririn bututun da ke jawo ruwa daga gindin tanki, washegari kuma ɗanɗanon ya canja, muka zubar da shi duka. Sobiya ma, wadda mutanen Makka da Jidda ba sa shan ruwa sai da ita, ban sake gwadawa ba bayan sau ɗaya. Abu ne da aka yi da sha'ir ko burodi, in ya daɗe yakan fara tsami yana juyawa, kuma Musulmi ba zai so ya ajiye irin wannan a rufe na kwanaki ba. A saye ta a shanye a ranar.

Batun gas kuma sai an yi shawara da mutanen gida. Silindar iskar kabon ce ke tura ruwan ya fito. In aka bar matsin a 10 zuwa 12 a ma'aunin matsin iska na psi, cikin mako guda zobon zai koma mai gas kamar lemon kwalba. Matasa sun so shi ƙwarai, amma dattawa sun ce yana kumbura musu ciki kafin Tarawihi. Yanzu tanki ɗaya nake sa wa gas, ɗayan kuma matsi kaɗan don turawa kawai. A kula: wannan iska ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta zurare, a ƙasan firizar take taruwa. Kada a bar yaro ya zura kansa ciki. Ina gwada mahaɗan tiyo da ruwan sabulu duk lokacin da na canja silinda.

Cikakken tanki ya haura kilo 20, ga firam ya ƙara wa firizar tsawo, ɗaga shi sai mutum biyu. Wanki kuma dole ne, don sukari yana maƙalewa a tiyo. Gidan mutum huɗu ko biyar, jarka a firinji ta ishe su. Mu da muke ciyar da jama'a, bana na ƙara tanki na uku na ruwan sha zalla, kuma shi ne yake fara ƙarewa.