Shagon kayan yara a Birnin Kebbi: abin da na saya domin Kirsimetin ɗana a Zuru

Ɗana yana da shekara 2 da wata 4 lokacin da muka shirya tafiya Zuru bikin Kirsimeti, kuma wannan ne karo na farko da zai shiga gidan kakanninsa da ƙafarsa, yana kai hannu ga duk abin da idonsa ya faɗa a kai. A Birnin Kebbi nake aiki, saboda haka a nan na yi sayayyar tafiyar, a wani shagon kayan yara da ke kusa da babbar kasuwa. Shagon ba shi da allon suna, mata dai suna kwatanta shi da mai shi, wata Hajiya mai yawan fara'a wadda ta daɗe tana wannan sana'a. Sau uku na je a cikin watan Disamba, na sayi kayan sanyi da man shafawa da kayan wasa, yaron kuma ya yi amfani da su tsawon kwana goma a Zuru kafin in zauna rubuta wannan sharhi.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda Hajiya ta hana ni sayen abin da ya kai ni. Da shigata na nufi wata babbar rigar sanyi mai kumbura, irin wadda ake gani a jikin yaran Turai a hotunan Kirsimeti, ja ce mai hula a haɗe da farin gashi a bakin hular. Na riga na ɗaga ta ina gwada tsawonta a jikin yaron sai ta ce, "Malama, wannan ta ƙasar ƙanƙara ce. Idan kin sa masa da asuba, kafin hantsi ya jiƙe da gumi, ki cire masa iska ta buge shi, mura ta samu ƙofa." Ita ce mafi tsada a cikin kayan da ke rataye, kuma da ta yi shiru da na biya ba tare da ciniki mai tsawo ba.

Maganarta gaskiya ce ga duk wanda ya san hunturun ƙasarmu. Iskar tana tasowa ne daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take fitowa, ta mamaye mu daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Laimar da take ɗauke da ita kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa zafin da ƙasa ta sha da rana yake tserewa da zarar rana ta faɗi. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 20, amma da azahar ya haura 30, wato yaro ɗaya yana bukatar shiga iri biyu ko uku a yini guda. Abin da Hajiya ta haɗa mini ya bi wannan lissafi: rigunan ciki na auduga masu dogon hannu guda uku, suwaita marar nauyi mai zif a gaba guda biyu, dogayen wanduna masu roba a idon sawu, safa, da hular ulu mai rufe kunne. Ta ce a riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya yadda rana take ɗagawa, a mayar da su bayan la'asar. Kuɗin waɗannan duka bai kai na babbar rigar nan ita kaɗai ba.

Kayan sanyin nata gwanjo ne, ba ta kuma ɓoye hakan. Takan buɗe sabuwar dila a farkon mako, ta ware na ɗaya ta rataye, sauran ta zube su a tabarma a bakin shago da farashi mai sauƙi. Wanda ya je ranar buɗe dila shi ke zaɓar na kirki, wanda ya makara kuwa sai ya haƙura da masu tabo ko waɗanda wuyansu ya saki. Na duba ɗinki da zif na kowace suwaita a gabanta ba ta nuna ƙosawa ba, har ma ita ta nuna mini wani ɗan rami a hammatar ɗaya ta rage mini kuɗi a kai. Kayan suna da warin maganin da ake fesa wa gwanjo, wanda sai da na wanke su sau biyu na shanya a rana kafin ya fita, kuma ba na ba kowa shawarar sa wa ƙaramin yaro su kafin a yi haka.

A Zuru ne aka gwada kayan da gaske. Mun bi ta Jega da Koko, muka ratsa Mahuta da Dabai, muka isa da yamma kanmu da girarmu fari fat da ƙura. Washegari tun kafin gari ya waye kakarsa ta hura wuta a tsakar gida, jikoki suka kewaye ta suna miƙa tafin hannu, hazo ya rufe duwatsun da ke bayan gari har ba a ganin kansu. Yaron ya fito cikin suwaita da hula yana tafiya kamar ɗan agwagwa, kakar ta dube shi ta ce, "Kai, maigidana, wannan shiga haka, ko kai ne sabon hakimi?" Bai yi rawar ɗari ba, bai kuma yi gumi ba. Da hantsi ya ɗaga na zuge zif ɗin na cire suwaitar ba tare da na tsayar da shi daga wasa ba, kuma a nan na gane hikimar zif a gaba, domin duk uwar da ta taɓa ƙoƙarin zare riga ta kan yaro mai shekara biyu yana tsakiyar bin kaji ta san irin kokawar da ake yi.

Ranar 25 ga wata ma haka aka yi a majami'a. An fara sujada da sanyi, matan zumunta suna rera waƙa da ganguna da tulu, yara suna kai da kawowa tsakanin kujeru, kafin a tashi kuwa rufin kwano ya ɗauki zafi. Yaran da aka sa wa kwat mai kauri da takalma sau ciki sun fara kuka tun kafin wa'azi ya kai rabi, iyayensu mata suna ta fita da su waje. Nawa ya ƙare sujadar da rigar auduga kaɗai, suwaitar tana cikin jakata. Hular ce dai ba ta yi ƙarko ba, domin bayan wanki biyu bakinta ya saki har tana rufe masa ido, safar kuma ba ta da ɗigon roba a tafinta, abin da ya sa ya zame sau ɗaya a kan siminti. Waɗannan ƙananan aibobi ne idan aka dubi abin da na biya.

Sashen man shafawa yana da kyau da muni a kan kanta ɗaya. Hajiya tana sayar da man kaɗanya na asali, wanda ta ce daga kudancin jihar ake kawo mata shi, inda itacen kaɗe yake da yawa kuma mata ke tsintar 'ya'yansa da damina. Launinsa fari ne mai ratsin rawaya, yana da ɗan warin hayaƙi, yana kuma narkewa da zarar an murza shi a tafin hannu. Shi na riƙa shafa wa yaron safe da yamma, kumatunsa da leɓɓansa ba su tsage ba duk da yinin da yake yi a cikin iska, ƙafafunsa kuma ba su yi kaushi ba. Dabarar da ta koya mini ita ce a shafa man tun jiki bai gama bushewa daga wanka ba, domin aikin mai irin wannan, ko kaɗanya ko basilin, shi ne ya tsare laimar da ke jikin fata kada iska ta kwashe ta. Idan an bari fata ta bushe ƙarau kafin a shafa, an rufe ƙofa ne bayan ɓarawo ya fita. Ta kuma ce a rage yawan sabulu, a yi wa yaro wanka da ruwan ɗumi idan rana ta fito maimakon da sassafe.

A gefen wannan man mai kyau kuma akwai wasu ƙananan robobi na basilin mai ƙamshi da launi, waɗanda ba su da sunan kamfani, ba su da lambar hukumar NAFDAC, ba su da ranar lalacewa. Yaron shagon ya yi ta tallata mini su da cewa sun fi araha kuma yara suna son ƙamshinsu. Ban saya ba, domin abin da za a shafa a leɓen yaro rabinsa cikinsa zai tafi. Shi ne kuma ya miƙo mini man zafi mai mantol yana cewa a ɗan lakuta wa yaro a cikin hanci idan mura ta kama shi. Wannan kuskure ne da ya yaɗu a gidajenmu. Kamfanin da ke yin man zafin Vicks VapoRub da kansa ya rubuta a jikin kwalbarsa cewa kada a sa shi a cikin hanci, kada kuma a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba. Mai sayar da kayan jarirai ya kamata ya san wannan kafin ya buɗe baki, kuma laifin na ɗora shi a kan mai shagon da ba ta koya wa yaronta abin da ita ta sani ba.

Inda shagon ya fi ba ni kunya shi ne teburin kayan wasa da na ado, wanda ake cikawa musamman saboda Kirsimeti da sabuwar shekara. An zube komai wuri ɗaya, babu rarrabewa tsakanin abin da ya dace da ɗan shekara goma da na mai tatata: balan-balan, tabarau na roba, bindigogin ruwa, fitilun ado masu walƙiya, ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli na rataya a bishiyar Kirsimeti, har da abin fashewar nan da yara ke kira nokawut. Na ɗauki wata jar hula mai fitila a goshi saboda yaron ya maƙale mata yana kuka, ban kuma duba ta da kyau ba, wanda wannan sakacina ne. A jajibirin Kirsimeti, muna tsakar gida ana suyar cincin, sai ƙanwar mijina ta ga yana tauna wani abu. Da ta sa yatsa ta zaro, murfin batirin hular ne, batirin kuwa, ɗan mitsitsi mai faɗin maɓallin riga, yana ƙasa kusa da ƙafarsa. Murfin ba shi da ƙusa, ɗan matsawa kawai ake yi ya buɗe.

Ban yi barcin kirki ba a daren nan, domin irin wannan batiri idan ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona hanyar abinci cikin sa'o'i 2 kacal, kuma sau da yawa iyaye ba sa sanin an haɗiye shi sai ɓarna ta yi nisa. Da na koma kan ledar da hular ta zo a ciki sai na ga alamar nan ta fuskar jariri a cikin jan da'ira da aka ja wa layi, an rubuta 0-3, wadda ke nufin bai dace da yaron da bai kai shekara 3 ba. Alamar tana nan, ƙarama ce ƙwarai, babu kuma wanda ya nuna mini ita a shagon duk da cewa yaron yana saɓe a kafaɗata lokacin da nake biya. Balan-balan ma da muke ɗauka abin wasa ne marar illa, guntunsa idan ya fashe yana cikin abubuwan da suka fi shaƙe ƙananan yara. Daga ranar na tattara duk abin da na saya a wannan teburi na ɗora a kan durowa, sai wata ƙwallon roba babba wadda ba za ta shiga baki ba.

Abin mamaki, yaron bai nemi ko ɗaya daga cikinsu ba. Lokacin girbi ne, ana sussukar dawa a bayan gida, shi kuwa ya samu wata tsohuwar ƙwarya da ludayi ya yini yana awon ƙasa yana juyewa. Da rana ya bi 'yan uwansa rabon shinkafa da nama gidajen maƙwabta, Musulmi da Kirista, ana ba shi alewa yana cusawa a aljihun wandon da Hajiya ta zaɓa masa. Da dare kakarsa ta so a shigar da kaskon gawayi ɗakin da muke kwana saboda sanyi, na roƙe ta da girmamawa a bar shi a waje, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari wadda ke kashe mutane cikin barci. Bargon yara mai laushi da na saya a shagon, haɗe da safa da rigar auduga, ya wadatar da shi har safe, kuma bargon bai zubar da gashi ba ko bayan wanki.

Da muka dawo Birnin Kebbi a farkon Janairu na koma shagon da jar hular a hannuna. Na gaishe da Hajiya, ta yi mini barka da shan biki, ta tambayi mutanen gida, sannan na buɗe murfin batirin da farce ɗaya a gabanta na gaya mata abin da ya faru. Ta yi salati, ta riƙe baki, ta ce daga Kano ake kawo mata kayan wasan a buhu, ita kuma ba ta taɓa lura da alamar ba. Ba ta yi gardama ba, ta mayar mini da kuɗin hular, ta kuma sa yaron shagon ya kwashe sauran daga kan teburin nan take, ko da yake fitilun ado da robobin basilin ɗin nan suna nan inda na bar su. Wanda zai je neman suwaita, rigunan ciki, bargo ko man kaɗanya domin ƙaramin yaro zai samu kaya masu kyau da shawara ta gaskiya, musamman idan ya tarar da ita da kanta kuma ya je a farkon mako. Teburin kayan wasa kuwa sai dai a wuce shi idan yaron bai kai shekara uku ba. Kafin in fito na ƙara sayen man kaɗanya gwangwani ɗaya, domin hazo bai ɗaga ba tukuna, na kuma bar mata saƙon ta ajiye mini hular ulu mai igiya a haɓa idan ta buɗe dila ta gaba.