Ƙarfen Halco Twisty da akwatin kifayen roba: rani biyu a bakin tekun Legas

Ni ɗan Yauri ne, a bakin Kwara na tashi. A wurinmu fatsa ba ta da wani sirri: ka haƙo tana ko ka samo hanjin kaza, ka soka a ƙugiya, ka jefa, ka nemi inuwa ka zauna, tarwaɗa ta bi wari ta zo da kanta. Shi ya sa ranar da na fara ganin wani mutum a kan duwatsun Tarkwa Bay yana jifa da guntun ƙarfe tsirara, babu koto ko na ƙwayar gero, yana naɗo zare da sauri kamar ana korar sa, na ɗauka sabuwar sanda yake gwadawa. Ban gama dariyar zuci ba sai ga shi ya ɗago barakuda, wani siririn kifin teku mai kaifin haƙora, mai tsawon hannuna tun daga kafaɗa. Daga ranar cutar ta kama ni.

Sayayya biyu na yi, kuma su zan yi magana a kai. Ta farko akwati ne mai koton ƙarya guda 10 da na yi oda ta intanet, babu sunan kamfani a jiki, sai hoton kifi da rubutun da ban iya karantawa ba. Ta biyu ƙarafa 3 ne samfurin Twisty na kamfanin Halco, biyu masu nauyin giram 40, ɗaya giram 55, wani abokin aikina ya taho mini da su daga tafiya. Kuɗin ƙarfe ɗaya ya kusa kuɗin akwatin gaba ɗaya, kuma da na biya sai da raina ya ɗan sosu. Halco kamfanin Ostareliya ne da ke Fremantle, tun 1950 suke wannan sana'a, amma a ranar ni dai abin da na gani a tafin hannuna bai wuce mariƙin cokali da aka lanƙwasa bakinsa biyu aka goge shi yana walƙiya ba.

Ga wanda bai san wurin ba: ana shiga kwalekwale mai inji daga CMS da ke tsibirin Legas, a ratsa gaban tashar jiragen ruwa, cikin abin da bai kai rabin awa ba an sauka. Duwatsun da muke hawa ba halittar wurin ba ne. Turawa ne suka jibge su a farkon ƙarni na 20, suka yi doguwar katanga gabas da yamma da bakin mashigar don kada yashi ya toshe wa manyan jirage hanya. Ruwan gaɓar Legas yana tura yashi daga yamma zuwa gabas, sai katangar ta tare shi, ya taru a ɓangaren yamma, Bar Beach kuma da ke gabas ta yi ta zaizayewa har aka zo aka cike wurin aka yi sabuwar unguwar Eko Atlantic. Abin da ya shafi mai fatsa a nan shi ne, katangar ta kutsa cikin teku, ruwan lagun, wato tafkin Legas, da na teku suna gwabzawa a bakinta, ƙananan kifaye irin su sawa suna taruwa, manya kuma suna biyo su. Kana tsaye a kan dutse amma zurfin da ke gabanka na mai jirgi ne.

Akwatin na fara buɗewa, don shi ne mai kyan gani. Akwai kore, akwai ja da fari, akwai mai ido kamar zai yi ƙyafta, wasu da 'yan ƙwallaye a ciki suna kacau-kacau. Matsalar farko iska ce. Da hantsi ya ɗaga iskar teku takan taso ta doki fuskarka, su kuwa robobin nan ba su da nauyi. In na yi jifa da iya ƙarfina sai in ga abin ya tashi sama ya yi lilo ya faɗo kusa da ƙafata. Daga baya na auna a kan yashi: mafi kyawunsu taku 35 ya yi. Uku daga ciki ko iyo ba su iya ba, da ka fara naɗowa sai su kwanta a gefe su riƙa juyi suna murɗe zare.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai ya faru a fita ta huɗu. Na sa mai faffaɗan baki, wanda ake fizga a saman ruwa yana fantsama, sai wani abu ya taso daga ƙasa ya rufta masa, ruwa ya dare. Sanda ta lanƙwashe, birkin ril, wato abin naɗe zare, ya ɗauki kuka, na ƙirga kamar daƙiƙa goma ina jin bugun kansa har cikin gwiwar hannuna. Sai sakayau. Na naɗo ina zaton zare ne ya tsinke, ashe zare lafiya lau, ƙulli lafiya lau, robar ma tana nan. Ɗan zoben da ke riƙe da ƙugiyar baya ne ya miƙe kamar an warware waya, kifi ya tafi da ƙugiya a baki. Na zauna a kan dutse ina juya zoben nan a hannu, na sa farce na lanƙwasa shi ba tare da wahala ba. A kan wannan ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba na rataya kuɗin mota, kuɗin kwalekwale da tashin asuba.

Gishiri kuma ya ƙarasa sauran. Ina wanke kayana da ruwan famfo duk ranar da na dawo, amma kafin wata ya cika ƙugiyoyin akwatin sun yi ja da tsatsa, har ta zuba ta ɓata ƙasan akwatin. Don adalci, guda biyu sun yi rana. Akwai wani fari siriri mai ɗan harshe a gaba wanda yake iyo da kyau a ruwan cikin lungun Tarkwa Bay inda babu igiya, ya kama mini ƙananan barakuda da dama. Sai dai sai da na cire ƙugiyoyinsa da zobbansa na sa masu ƙwari, kuma kuɗin canjin ya fi kuɗin robar. Araha dai ba ta ado.

Ƙarfen kuwa, jifan farko ya gaya mini abin da na saya. Da sanda mai ƙafa 9 da kitsattsen zare mai ɗaukar laba 30, wato wajen kilo 14, mai giram 40 ɗin yana tsaga iska kamar dutsen majajjawa. A kan yashi ya haura taku 80. Wannan tazara ita ce komai a fatsar gaɓa, domin sau da yawa za ka hango kifaye suna farauta can bayan inda igiya ke karyewa, wanda bai kai can ba sai kallo. Lanƙwasar bakinsa ita ke sa shi rawa: in ka naɗo a hankali yana kaɗa gindi hagu da dama, in ka ƙara sauri sai ya miƙe yana walƙiya kamar sawa da ta ga mutuwa. Barakuda da jak, wani kifin teku mai faffaɗan jiki, da ido suke farauta, kuma suna jin motsin ruwa ta layin da ke gefen jikinsu. Ba sa tsayawa shinshina, abin da ya gudu shi suke bi.

Wata safiya cikin Janairun bara ce ta sa na daina jin zafin kuɗin. Hazon hunturu ya sauko har teku, manyan jiragen da ke jiran shiga tasha sun zama kamar inuwa, ruwa ya kwanta yana kawowa a hankali, garau har kana ganin duwatsun ƙasa. Sai tsuntsaye suka fara faɗawa ruwa a wuri guda, ƙananan kifi suna tsalle kamar an watsa tsakuwa. Na jefa ƙarfen ya wuce su, na ƙirga biyar ya nutse, na fara naɗowa da duk saurin da hannuna zai iya. Juyi na bakwai ko na takwas aka tsayar da ni cak, kamar na sarƙe a jikin mota mai tafiya. Jak ba ya tsalle, juya faffaɗan gefensa yake yi wa ruwa ya yi ta zagaye, kai kana ja yana ja. Zare ya zube daga kwarkwaro har na fara hango ƙasansa. Wani dattijo cikin masuntan wurin ya bar fatsarsa ya matso, yana nuna mini da hannu in ɗaga sanda sama kada zare ya gogi dutse. Ya fi minti goma kafin kifin ya gaji, dattijon ya sauka ya jira igiya ta ɗago shi ya cafko wutsiya. A sikelin mai kifi ya yi kilo 6 da 'yan kai. Na ce, “Baba, sannunku da ƙoƙari,” na yanka masa rabi. Da na duba ƙarfen, zobe bai ko motsa ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka laya ce. Duk koton ƙarfe nutsewa yake yi da sauri, ƙasan katangar nan kuma duwatsu ne masu kaifin ɓawon kawa. Mai giram 55 ɗin a fita ta biyu na rasa shi, don na tsaya amsa waya bayan na jefa, kafin in ajiye ya shige rami. Laifina ne. Tun daga nan nake cire ƙugiya mai baki uku in sa mai baki ɗaya babba: ba ta cika sarƙewa ba, ta fi riƙe kifi in ya shiga, kuma cire ta daga bakin barakuda bai kai haɗarin waccan ba. Na biyu kuma barakuda ce ta tafi da shi. Haƙoranta reza ne, ta datse zaren gaba, wato guntun da ake ƙulla ƙarfen a jikinsa, mai laba 50 ban ko ji nauyinta ba. Na gwada sa 'yar waya a gaba, ƙarfe ya tsira amma cizo ya ragu sosai in ruwa ya yi garau. Yanzu na koma zaren gaba mai kauri, ina shafa shi da yatsa bayan kowane kifi, in na ji kaushi in yanke in sake ƙulli.

Sannan yana da lokacinsa. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris ne kasuwarsa ke ci. Da damina ta kankama, daga Yuni zuwa Satumba, teku kan yi fushi, lagun ya amayo jan ruwa da kainuwa da leda, kifi ba ya ganin walƙiyar komai. A irin wannan rana na yi jifa ya fi ɗari, abin da na kamo ledar ruwan sha ce da tsumma, masu jatan lande a ƙugiya kuwa suna ta ɗago kifi a gefena. In ruwa ya yi haka, koton gaske ya fi, babu gardama. Ni ma a watannin nan ban cika hawa duwatsun ba, don gansakuka ta sa su santsi, igiya kuma ba ta sallama. Silifas ba takalmin wurin ba ne, kuma ba a juya wa teku baya ko don ɗaukar hoto.

Wani abin da ya ba ni sha'awa, lissafin cikar teku bai yi mini wuya ba saboda mun saba duban wata. Ruwa yana kawowa ya janye sau biyu a yini da dare, kowace rana yana jinkirta da wajen minti 50. Ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. In asuba ta dace da kawowar ruwa a waɗannan kwanaki, ranar nake roƙon a sauya mini aiki. Mafi yawan kifin da ƙarfen nan ya ba ni tsakanin fitowar rana ne da ƙarfe tara.

Wanda zai fara, ni dai shawarata ya bar akwatin nan mai launi goma. Ya sayi ƙarfe biyu masu kyau, giram 30 zuwa 40, da 'yan zobba da ƙugiyoyi na canji, ragowar kuɗin ya sa a zare da takalmi. Twisty ɗin da ya rage mini duk jikinsa zanen haƙori ne, walƙiyar gefe ɗaya ta dushe, nakan goge shi da ɗan man goge baki ya dawo. Rani biyu yana shan gishiri, ƙugiya kawai nake canja masa.

Da na aika wa Kawu hoton jak ɗin nan a Yauri, kira ya yi maimakon saƙo. Shekarunsa sun haura saba'in, rabinsu a cikin kwalekwale ya yi su.

“Kai, da me ka ce ka kama shi?”

“Da ƙarfe, Kawu. Ku duba hoto na biyu, shi ne a bakinsa.”

Ya yi shiru, ina jin yana kiran wani ya zo ya gani. Can ya ce, “To kifin teku ba shi da hanci ne? Wane irin wawa ne zai ci cokali?”

Na fara yi masa bayanin walƙiya da gudu, ya katse ni. Ya ce in zan zo babbar Sallah in taho da shi, akwai wata kwana ƙasa da gari inda tsage ke korar ƙananan kifi da sassafe, yana so ya gani da idonsa ko shi ma tsagen zai yarda a yi masa wannan rainin hankali.