Taribo West da Rigobert Song: wa ya fi yawo, kuma yawon wa ya fi riba?

Ɗan uwa ka tambaya wai tsakanin Taribo West da Rigobert Song wa ya fi zagaya ƙasashe, sannan ka ƙara da cewa kai a ganinka duk difendan da yake ta sauya kulob to ba gwani ba ne, da gwani ne da an riƙe shi. Ta farkon mai sauƙi ce, ta biyun ce dai ban yarda da kai ba.

In lissafin ƙasa ne Taribo ya ci. Bayan Najeriya ya buga a Faransa, Italiya, Ingila, Jamus, Sabiya, Katar, har Iran sai da ya leƙa, ƙasa bakwai ke nan. Song kuwa bayan Kamaru biyar ne: Faransa, Italiya, Ingila, Jamus da Turkiyya. Amma abin da yake ba ni mamaki shi ne huɗun farko iri ɗaya ne sak, kuma a jere ɗaya, kamar mota ɗaya suka shiga, sai da aka wuce Jamus sannan kowa ya kama gabansa.

A Faransa duk su biyun sun zauna sun koyi aiki, ba wanda zai kira su 'yan yawo a lokacin. Taribo ya je Auxerre a 1993 hannun Guy Roux, a 1996 suka haɗa lig da kofin Faransa a kaka ɗaya, Laurent Blanc yana tare da shi a baya, kuma a shekarar dai ya tafi Atlanta ya rataya zinaren Olamfik da Najeriya. Song yana Metz tare da Robert Pirès, su ma sun ɗaga kofin lig a 1996, a 1998 kuma saura ƙiris su ci lig ɗin gaba ɗaya, makinsu ɗaya da Lens bambancin ƙwallaye ne ya kayar da su. Nan Taribo ya ɗan fi shi amma ba da nisa ba.

Italiya ce ta raba su sosai. Taribo Inter Milan ya tafi a 1997, shekarar da Ronaldo na Brazil ya zo, kuma ba zaman benci ya je yi ba, lokacin nan Serie A ita ce lig ɗin da kowane ɗan gaba yake tsoro kuma a can ne aka fi sanin darajar ɗan baya, to ka ce ɗan Afirka ya samu riga a bayan Inter a wannan zamanin ai ba ƙaramin abu ba ne. A 1998 suka lallasa Lazio 3-0 a fainal ɗin kofin UEFA a Paris, shi kuma gogan naka sai da ya karɓi jan kati kafin a tashi, halin nasa dai. Song fa? Salernitana, ƙaramin kulob da ya hau Serie A a shekarar, wasa 'yan kaɗan ya buga, ko kaka ɗaya bai cika ba ya tattara ya yi Liverpool a farkon 1999.

To ga inda nake so ka duba da kyau, dalilin da ya sa kowannensu ya bar babban kulob ɗinsa. Taribo ba ƙafarsa ce ta mutu ba, Marcello Lippi ne ya karɓi Inter a 1999 ya zo da nasa tsarin, aka sayo Blanc ɗin nan dai abokinsa na Auxerre, shi kuma aka ajiye shi gefe, sai ya tsallaka AC Milan, gari ɗaya fili ɗaya, can ma bai samu wasa sosai ba. Song shi ma haka, Gérard Houllier da ya kawo shi, shi ne kuma bayan 'yan watanni ya sayo Sami Hyypiä da Stéphane Henchoz suka riƙe tsakiyar baya, aka tura Song gefen dama, da Markus Babbel ya zo a 2000 gefen ma ya gagara. Matsalar ɗan bayan tsakiya ke nan, wuri biyu ne kacal, kuma koci ba ya taɓa su in suna tafiya daidai, ba kamar ɗan gaba ba da za a ce shigo ka yi minti ashirin ko Allah zai sa ka ci. In ba ka cikin biyun nan to ko ka zauna kana cin albashi kana tsufa a benci ko ka ɗauki jakarka. Su biyun jaka suka ɗauka.

Ingila da Jamus kusan canjaras ne. Taribo ya je Derby County aro a kakar 2000/01 ya taimaka suka tsira daga faɗuwa, Song ya koma West Ham a daidai lokacin da suka sayar da Rio Ferdinand wa Leeds, ka ga an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Kakar 2001/02 duk suna Bundesliga, Taribo a Kaiserslautern, Song aro a Köln, ba wanda ya bar abin tunawa.

Daga nan ne labarin ya zama biyu. Song ya koma Faransa ya yi shekara biyu a Lens, sai Galatasaray daga 2004 zuwa 2008, shekara huɗu cur, ya ci lig sau biyu a 2006 da 2008 ga kofin Turkiyya na 2005, sannan ya ƙarasa da shekara biyu a Trabzonspor ya ajiye takalmi a 2010. Wato bayan guguwar tsakiyar nan mutumin ya sake samun gida. Taribo kuwa abu ɗaya mai kyau ya rage masa, Partizan Belgrade ƙarƙashin Lothar Matthäus, sun ci lig a 2003 kuma suka fitar da Newcastle da fenariti a gidanta suka shiga rukunin gasar zakarun Turai, suka haɗu da Real Madrid da Porto da Marseille. Bayan wannan sai gajerun zama, Al-Arabi a Katar, Plymouth a rukuni na biyu na Ingila watanni kaɗan, sai Paykan a Iran. Wannan kashin na ƙarshe shi ne irin yawon da kake nufi, na neman inda za a ƙarasa, kuma a nan kam ba zan yi maka musu ba.

Sai rigar ƙasa, inda Song ya yi masa fintinkau. Wasa 137 ya buga wa Kamaru, gasar kofin duniya huɗu, 1994, 1998, 2002 da 2010, kofin Afirka sau takwas ya je ya ɗaga biyu a jere, 2000 da 2002. Kulob na canzawa amma kambun kyaftin na hannunsa shekara da shekaru. Taribo wasanninsa da Super Eagles arba'in ne da 'yan kai, kofin duniya biyu, 1998 da 2002, sai dai yana da zinaren Atlanta wanda Song ba shi da shi. Kuma kar a ɗauka Song waliyyi ne, yana ɗan shekara 17 aka kore shi a wasansu da Brazil a 1994, aka sake korarsa da Chile a 1998, a fainal ɗin kofin Afirka na 2008 kuma shi Mohamed Zidan ya ƙwace wa ƙwallo ya miƙa wa Aboutrika Masar ta ɗauke kofi. Na 2000 kuwa ban so ma in tuna, a Legas, Najeriya da Kamaru an tashi 2-2 aka je bugun fenariti, ƙwallon Ikpeba ta daki ƙarfe ta faɗa ciki alƙali ya ce ba ta shiga ba, sai ga Song ya zo ya buga ta ƙarshe ya rufe zance, Taribo na tsaye yana kallo.

Don haka in ka ce in zaɓa, a wasa ɗaya rak na mutuwa ko rayuwa ni Taribo na 1996 zuwa 1998 zan saka, da kitsonsa da komai, don a shekarun nan ya kai matakin da Song bai taɓa kaiwa ba a kulob. In kuma kwantiragin shekara biyar zan ba mutum da kuɗina to Song zan ba, ko shawara ba zan yi ba.