Sharhi: mai duba kifin da na kira bayan 'ya'yan tarwadata sun fara mutuwa

Ina ƙyanƙyasar tarwada a bayan gidanmu a Aboabo, nan Kumasi, kwami uku na siminti. Da hunturun bara 'ya'yan kifin suka daina cin abinci, suna goga jiki da bango, suna taruwa a bakin famfo. Kullum da asuba sai na kwashe matattu. Na zuba maganin kafso na kwana huɗu kamar yadda kowa ke yi a zango, ko gezau.

Wani abokin sana'a a Asawase ya ba ni lambar wani matashi mai duba lafiyar kifi. Ya ce zai zo Talata, sai Laraba da la'asar na gan shi, kuma jinkirin nan ya ci mini kifi. Wannan kam bai kyauta ba.

Aikinsa kuwa ban ga makusa ba. Bai taɓa magani ba sai da ya kankaro yauƙin jikin kifi ɗaya, ya ɗora a gilashi ƙarƙashin madubin likita, ya ce, "Baba, zo ka gani da idonka." Na leƙa, sai ga wasu halittu masu siffar faifai suna ta juyawa. Sunansu Trichodina, ƙwayar halitta ɗaya ce tal, tana manne wa fata da wurin numfashin kifi, kuma ƙazamin ruwa da cunkoso ne ke yawaita ta. Kafso na kashe bakteriya ne, ba ruwansa da ita. Ashe kuɗi nake zubawa a ruwa.

Ya kuma bambance mini ita da ciwon farin ɗigo, mai fitowa kamar barbaɗin gishiri. Shi wancan yana ɓuya cikin fata, magani ba ya cim masa sai ya fito ruwa, shi ya sa ake maimaita shi kwanaki.

Abin da ya rubuta mini: gishirin garin Ada da ke bakin teku nan Ghana, giram 3 a kowace lita ta ruwa, a zuƙe dattin ƙasan kwami kullum, a raba kifin biyu, kowane kwami da ragarsa. Ya hana ni malachite green, wani koren sinadari da ake zuba wa kifi a ruwa a matsayin magani, tunda kifin na ci ne. Kwana na uku mutuwa ta tsaya, na biyar suka dawo suna wawason abinci.

Ladansa bai kai kuɗin buhun abinci ɗaya ba. Zan sake kiransa kafin ƙyanƙyasa ta gaba, amma tun da sauran mako guda zan buga masa waya.