Ya tsara min gwaji 17, ya dawo min da 16

Wani bawan Allah a Dutse da ake ta yabo wajen tsara gwaji da manhajar Design-Expert na kai wa aikina, kuma ranar farko ina sa masa albarka na fito daga shagonsa. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare ta ƙauye a ƙasar Ringim, ina digiri na biyu. Polimar da nake haɗawa daga sitacin rogo da asid ɗin akirilik ce, mai shan ruwa ta kumbura, da fatan wata rana ta riƙe wa gero laima a rairayin gonakinmu.

Wata biyu ina sauya abu ɗaya ina barin sauran, sinadari na ta ƙarewa. Da na je wa mutumin, ya duba littafina ya ce, "Malam, a haka ba za ka taɓa ganin yadda zafi da sinadarin ɗauri ke shafar juna ba." Sinadarin ɗauri shi ne ke ɗaure zaruruwan polimar da juna. Ya ɗora ni kan tsarin Box-Behnken na 1960: abu uku, kowanne mataki uku, gwaji 17 maimakon 27, biyar daga ciki maimaici ne, kowane abu a matakin tsakiya, don auna kuskure. Mutumin ya san aikinsa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba.

A gwaji na 11 aka ɗauke wuta ana tsakiyar dahuwa, zafin ya sauka, abin ya fito tsululu kamar koko. Na faɗa masa da bakina. Ya ce ba komai. Ya turo zane mai kyau, na buga, na kai wa malamin da ke duba aikina. Farfesa ya bi layukan da biro, ya ɗago ya ce, "Ina na goma sha ɗaya?" A gaban abokan karatuna! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe mutumin na Dutse goge gwajin ya yi, ya yi shiru. Da na kira shi wai ai yana ɓata lissafi ne. To me ya hana ka ce min in sake? Wannan gwajin ba maimaici ba ne, yana cikin sauran 12 ɗin da ke nuna yadda abu biyu ke haɗuwa.

Na sake kuɗin mota, na sake gwajin, sai ga shi adadin sinadarin ɗaurin da ya dace bai kai wanda ya rubuta min ba. Cikon kuɗinsa na tura masa jiya, amma har yau bai ce min yi haƙuri ba, kuma abin na cina.