Gilaifoset ko farakwat: wanne ya dace da gonarka?

Ɗan'uwa, ka ce tofa da ƙiri-ƙiri sun cinye maka gona, kana neman sanin wane maganin kashe ciyawa za ka fesa kafin shuka, gilaifoset ko farakwat. Dukansu ba sa bambance ciyawa da amfanin gona, duk koren da suka taɓa sun kashe. Amma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, ƙuna yake yi. Ka fesa da safe, kafin washegari ganye ya yi ja kamar an bi shi da wuta. Wannan saurin ne ke ruɗar mutane. Iyakarsa inda ya taɓa, ba ya gangarawa saiwa. Ga ƙananan ciyayi masu fitowa daga iri ya isa, amma tofa tana da jijiya a ƙasa, bayan 'yan makonni za ka ga ta sake toho.

Gilaifoset kuwa, wanda kamfanin Monsanto ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup, ganye ne ke shanye shi, ya bi jikin ciyawar har saiwa, ya hana ta haɗa wasu sinadaran da take rayuwa da su. Sai ya yi mako guda ko biyu kafin ka ga ta yi rawaya. Yana son ciyawa ɗanya mai girma, ba wadda fari ya ƙanƙance ba, kuma idan ruwan sama ya sauka jim kaɗan bayan feshi, an yi asara. Kada ka sare ciyawar kafin feshi, kada kuma ka yi gaggawar huɗa bayansa. Ruwan haɗi ya zama garau, domin laka tana kama magungunan biyu ta kashe musu ƙarfi.

Sai batun lafiya. Kurɓi ɗaya na farakwat na iya kisa, yana lalata huhu, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007. Gilaifoset bai kai shi dafi ba, ko da yake a 2015 sashen binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar. Safar hannu da takunkumi dai dole ne.

A gona irin taka, gilaifoset zan fesa, in jira ciyawar ta mutu sannan in yi shuka.