Sharhi kan wata cibiyar hoton ciki a Kano da yadda take bibiyar kumburin mafitsarar ɗan tayi

Wasu wuraren hoton ciki da ke kewaye da manyan asibitoci bugun zuciya da kwanciyar jariri kawai suke dubawa, sai su miƙa takarda cikin 'yan mintoci. Cibiyar da likitan awo ya tura ƙanwata ta sha bamban da su, kuma hakan ya bayyana ne lokacin da aka ga mafitsarar ɗan tayin ta yi girma a mako na 13.

Likitar da ke riƙe da na'urar ta auna tsawon mafitsarar, ta bayyana mana cewa tsakanin mako na 11 da na 14 ana ɗaukar milimita 7 ko fiye a matsayin kumburi, kuma wanda bai wuce milimita 15 ba sau da yawa yakan koma daidai da kansa, amma wanda ya zarce haka yakan nuna toshewar hanyar fitsari. Daga cikin abin da ake gudu akwai larurar Eagle-Barrett, wadda aka fi sani da prune belly, wadda takan sami kusan jariri 1 cikin 30,000 zuwa 40,000, mafi yawansu maza. A wannan larura tsokar ciki ba ta ƙullu sosai ba, hanyoyin fitsari sun yi faɗi fiye da kima, 'ya'yan maraina kuma ba su sauko ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitar ba ta yi gaggawar sanya wa abin suna ba, domin a wannan mataki hoto shi kaɗai ba ya iya raba wannan larura da sauran nau'o'in toshewa. Ta sanya ranar sake dubawa, ta kuma ce za ta lura da ƙodoji da yawan ruwan mahaifa, tun da bayan mako na 16 fitsarin ɗan tayi ne ke samar da mafi yawan ruwan, kuma ƙarancinsa yana hana huhu girma.

Sai dai kuɗin ya fi na sauran wurare, jiran layi ma yana da tsawo ga mai ciki. Babban giɓin shi ne an rubuta sakamakon da Turancin likitoci zalla, kuma cibiyar ba ta da tsarin haɗa iyaye da likitan tiyatar yara ko na ƙoda, sai dai iyali su koma wurin likitan awo ya rubuta musu takardar zuwa asibitin koyarwa.